Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Cikin takardun da suka iso mu makon nan akwai ta wani akawu, wanda ya roƙa kada a buga sunansa. Bayan gaisuwa ya ce yana da ƙane da ke aiki a Amurka, ya kira shi ziyara, shi da iyalinsa. Ƙanen ya gaya masa in sun zo zai yi hayar wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado, da murhu, da makewayi, su yi mako biyu suna yawon ganin ƙasa, inda dare ya yi musu nan za su kwana. Shi kuwa ƙanen bai taɓa riƙe irin motar ba, ganinta kawai ya ke yi a hanya. Saboda haka Malam ya tambaye mu abu biyu. Yaya a ke shirya motar nan in an sauka? Kuma ko mutum ya iya sa 'ya'yansa su kwana cikinta hankalinsa kwance?

To, Malam, mun gode da takardarka, tambayarka kuwa ta mai hankali ce. Amsa a taƙaice ita ce, i, ana kwana ciki lafiya, dubban dubbai na yi kowace shekara, amma da sharaɗi. Sharaɗin shi ne a binciki kayan tsaron da ke cikinta tun ba a tashi ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Za mu ɗan tsawaita, don rabin abin da za mu faɗa ya shafi har wanda bai taɓa barin garinsu ba, muddin yana da tukunyar gas ko janareta a gida.

ASALIN ABIN

Turawa na kiran motocin nan da sunaye dabam dabam, mu kuwa tafi-da-gidanka ya ishe mu. Iri biyu ne manya. Akwai wadda ɗakin da injin ke haɗe, direba ya iya tashi daga kujerarsa ya taka zuwa gadonsa bai fita waje ba. Manyan cikinsu su kan kai ƙafa 45 a tsawo, watau kamar babbar motar safa. Akwai kuma ɗaki mai ƙafafu wanda ba shi da inji, sai a maƙala shi bayan wata mota ta ja shi, shi ne tirela.

Abin ya soma tun zamanin doki. A shekarar 1885 wani likita mutumin Sikotland, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki bisa ƙafafu a birnin Biristol, dawakai biyu na ja, ya yi tafiya cikinsa tun daga kudancin Ingila har Inverness can arewa. A 1907 masu sha'awar irin wannan yawo suka kafa ƙungiya a Ingila, har yau kuwa tana nan. A Amurka kamfanin Pierce-Arrow ya nuna mota mai gado da wurin wanke hannu a 1910. A 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya zama madugun ayari na tirela 41, suka tashi daga Kef Tawun suka ratsa Afirka har Alkahira. Yanzu mafi yawan waɗanda a ke ƙerawa a Amurka daga kewayen garin Elkhart na jihar Indiyana su ke fitowa, a shekarar 2021 kaɗai kuwa masana'antun ƙasar sun fitar da fiye da 600,000. Ka ga ashe ba baƙon abu ƙanenka ya ɗauko ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A gidanka madafa tana can gefe, janareta na tsakar gida, mota na waje, ɗakin kwana dabam. A tafi-da-gidanka duk an tara su wuri guda wanda bai fi zaure girma ba: gas, da fetur, da lantarki, da wutar girki, da yara suna barci. Bangon kuwa katako ne marar kauri da soso da roba, abincin wuta ke nan. Bayan wannan, gida ne wanda hanya ke girgizawa kullum, noti ya kwance, bututu ya saki, waya ta goge. Abin da ke daram jiya ba lalle ne ya kai yau ba, don haka duban jiya ba ya isar yau.

TUN BA A TASHI BA

A fara da nauyi. Kowace mota akwai takarda ko ɗan ƙarfe manne kusa da ƙofar direba, an rubuta iyakar nauyin da ta ke iya ɗauka. Mutane su kan ƙirga akwatuna su manta da ruwa, alhali kuwa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai cin lita 150 in ya cika, kamar ka ƙara ƙarti biyu ne cikin motar. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, kusa da tsakiya, marasa nauyi su hau sama, a kulle kowane kabad, don tukunyar da ba a ɗaure ba jifa ce in an taka birki. In ana shakka a bi ta sikelin manyan motoci a auna, kuɗin ba shi da yawa.

Sai taya. Tayar tafi-da-gidanka ba ta cika mutuwa don cinyewa ba, tsufa ke kashe ta, gama motar ta kan yi watanni a tsaye rana na dukanta. Sai ka ga zanenta kamar sabuwa, amma gefenta ya tsattsage. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani jerin rubutu, biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, watau an yi ta mako na 23 cikin shekarar 2019. Shawarar da a ke ba masu tirela a Ingila ita ce a canja taya in ta shekara 5, kada kuwa ta wuce 7 ko da ba ta yi tafiya ba. Iska a auna ta da safe taya na da sanyi, har da ta safaya, a kuma duba notin ƙafafu.

Sa'an nan tsayin motar. A tambayi masu ita, a rubuta a takarda a manna gaban direba. Wanda ya saba da ƙaramar mota ya kan manta yana ɗauke da ɗaki bisa kansa, sai ƙaramar gada, ko reshen itace, ko rumfar gidan mai ta tuna masa.

In tirela ce za a ja, akwai ƙarin abu uku. A tabbata maƙalin ya zauna ya kullu. Sarƙoƙin tsaro guda biyu da a ke sawa a Amurka a gicciya su ƙarƙashinsa, don in ya fita su tallafe shi kada ya caki ƙasa. Akwai kuma 'yar siririyar waya wadda in tirelar ta tsinke za ta fizgu ta kama birkinta. Ita a ɗaura ta jikin motar da ke ja, ba jikin sarƙa ba. A Amurka a kan so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka bisa maƙalin, gama in baya ya fi nauyi sai ta riƙa kaɗa wutsiya. In ta soma haka, a riƙe sitiyari sosai, a ɗaga ƙafa daga totur sannu sannu, kada a danna birki da ƙarfi. A Ingila doka ta hana mutum zama cikin tirela ana janta, mai ja kuwa ba shi wuce mil 60 a awa ko a babban titi.

Abin da ya shafe ka kai tsaye, Malam, shi ne yara. Za su ga gado su so hawa mota na gudu. Kada ka yarda. Muddin ƙafafu na juyawa, mota ce ba gida ba, kowa ya zauna bisa kujera mai ɗamara ya ɗaura, a kashe murhu, a rufe tukunyar gas.

IN AN ISA ZANGO

A ƙasashen nan akwai zango na musamman, ana biya a kwana, kowane wurin tsayawa da soket na lantarki, da famfo, wani har da ramin zubar da ƙazanta. A yi ƙoƙari a isa da sauran rana. Kafin a shiga, direba ya sauka ya zaga wurin da ƙafa, ya dubi sama don rassa da wayoyi, ya dubi ƙasa don rami da tushiyar itace. In za a ja da baya mutum ɗaya ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi, kamar yadda yaron mota ke yi, da zarar ya ɓace daga madubin kuwa a tsaya cik. Yara su zauna ciki har an gama.

Aiki na fari shi ne daidaita motar, kada ta karkata. A aza ma'aunin magina, mai ɗigon iska cikin ruwa, bisa daɓen motar. Gefen da ya yi ƙasa a hau da tayoyinsa bisa katako ko matakin roba da a ke bayarwa, a ja birkin hannu, a sa weji. In tirela ce, wejin nan shi ne kafin a kwance ta daga mota, ba bayan an kwance ba, im ba haka ba sai a bi ta da gudu. Ƙananan ƙafafun da a ke saukarwa a kusurwa huɗu na hana rawa ne kawai, ba jak ba ne, kada a ɗaga mota da su.

Wani zai ce mene ne abin damuwa in ɗaki ya ɗan karkata? Dalilin firji ne. Da yawa cikin firjin motocin nan ba irin na gida ba ne mai inji. Iri ne wanda waɗansu 'yan makaranta biyu na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙago a 1922, wanda ke yin sanyi da zafin wuta. Harshen gas ke tafasa ruwan amoniya, tururin ya hau, ya huce, ya gangaro ta bututu da nauyin kansa. In motar ta karkata fiye da kamar digiri 3, ruwan ya kan taru wuri guda ya ƙi komowa, tukunyar ta yi ta ƙonewa a bushe. Ƙarshenta firji ya lalace, wani lokaci ma bututu ya tsage gobara ta tashi.

Na biyu lantarki. A kashe makunnin da ke jikin sandar zangon tukuna, a soka waya, sa'an nan a kunna. In za a tashi kuma a kashe kafin a zare. A dubi bakin wayar, in ya yi baƙi ko ya narke kada a yi aiki da shi. Wutar Amurka volt 120 ce, ba 230 irin tamu ba, saboda haka dutsen guga da butar lantarki na gida a bar su gida. Soket mai amfiya 30 iyakarsa wat 3,600, na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai kuwa ta kan ci kusan rabi, sai a riƙa kunna manyan kaya ɗaya bayan ɗaya. In wani ya taɓa jikin motar ya ji tsam kamar cizon tururuwa, wannan ba abin dariya ba ne, wuta ce ta bi ƙarfen motar. A kashe daga sanda nan da nan, a kira mai zangon.

Na uku ruwa. Tiyon ruwan sha dabam ne, yawanci fari, ba a haɗa shi akwati ɗaya da na ƙazanta. Famfon waɗansu zanguna na da ƙarfi ƙwarai, bututun motar kuwa roba ne, don haka a kan ɗaura ɗan ƙarfen rage ƙarfin ruwa a bakin famfo. Tukunyar ruwan zafi a tabbata ta cika kafin a kunna ta. Tankin ƙazanta biyu ne, na makewayi da na ruwan wanke-wanke. Na makewayi a bar shi rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, sa'an nan a buɗe shi ya fita da ƙarfi, a bi da na wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon. Rumfar yadi da ke jikin motar ita ce ta ƙarshe, a kuma naɗe ta in za a kwanta ko za a fita, don iska ɗaya ta isa ta karya ta.

MASU GADI UKU

Yanzu mun zo ga zuciyar magana. Cikin kowace tafi-da-gidanka ta kirki akwai 'yan na'urori uku masu ƙararrawa, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Su ne masu gadin da ba su barci in kun yi barci.

Ta fari ita ce ta hayaƙi, tana manne a rufi, don hayaƙi sama ya ke yi. Da batir ta ke aiki. Cikin ɗan ƙaramin ɗaki ta kan yi ihu ko albasa aka soya, sai mai girki ya ji haushi ya cire batirin, ya manta bai mayar ba. In ta dame ku a buɗe taga, kada a taɓa batir. Ita kanta in ta shekara 10 sai a canja.

Ta biyu ta gas ce, tana can ƙasa kusa da daɓe. Gas ɗin motocin nan, furofen, ya fi iska nauyi kamar sau ɗaya da rabi, in ya tsiyaya sai ya kwanta ƙasa kamar ruwa, ya taru inda ƙaramin yaro ke wasa. Cikin tukunya ruwa ne, in ya fito ya zama iska ya kan kumbura kamar sau 270, shi ya sa ba a cika tukunyar fiye da kashi 80 cikin 100, don a bar masa wurin motsi in rana ta yi zafi. Asalinsa ba shi da wari, warin ruɓaɓɓen ƙwai da ka ke ji zuba masa a ke yi da gangan. A 1937 gas marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Teksas, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara. Bayan wannan masifa ne jihar ta yi dokar sa wa gas wari, sauran wurare suka bi. In aka ji warin nan, ko ƙararrawa ta yi kuka, kada a kunna kome kada a kashe makunnin kome, don ɗan tartsatsi ya isa. A kashe harshen wuta, kowa ya fita, a bar ƙofa buɗe, a rufe tukunyar daga waje. Neman wurin da ke yoyo da ruwan sabulu a ke yi, inda ya yi kumfa nan ne. Da ashana ba a yi. A sani kuma wannan na'ura daga batirin motar ta ke shan wuta, in batir ya mutu ita ma ta yi shiru. Turaren fesawa ya kan ruɗe ta ta yi kuka, wannan ba dalilin tsinke wayarta ba ne.

Ta uku ita ce wadda mu ke so ka riƙe ko ka manta da duk sauran. Akwai wata iskar guba, masana na kiranta kabon monoksaid, tana fitowa duk inda fetur, ko gas, ko gawayi, ko kananzir ke ci bai sami isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jinin mutum na kama ta fiye da sau 200 bisa yadda ya ke kama oksijin, watau iskar da ke rayar da mu, sai jini ya yi ta zagawa ɗauke da ita, ƙwaƙwalwa da zuciya na yunwa. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, da jiri, da kasala, da tashin zuciya, ya ce gajiyar tafiya ce. Wanda ke barci ba ya jin kome, ba ya kuwa tashi. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa ta wannan hanya a ƙasar kowace shekara, ban da waɗanda gobara ta ci.

Tun da ba a ganinta, mutanen da suka yi dabara. Wani masani na Sikotland, John Scott Haldane, ya ba masu haƙar kwal shawara su riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi, don su guba ta fi saurin kayarwa. Daga nan aka riƙa shiga da kanari cikin keji, in ya faɗi kowa ya gudu. Sai a 1986 aka sallami kanari daga ramukan Ingila, na'ura ta gaje shi. To, 'yar na'urar da ke kusa da gadonka ita ce kanarinka.

A tafi-da-gidanka gubar nan ta kan zo daga janaretan motar in salansarsa ta huje, ko daga janaretan maƙwabci in iska ta kaɗo ta taga, ko daga injin mota da aka bari yana aiki a tsaye. Ta kan zo in sanyi ya matsa aka kunna murhun girki don jin ɗumi, ko aka shigo da kaskon gawayi. Ta kan zo kuma in bututun fitar da hayaƙi na tukunyar ruwan zafi ya toshe, zanzaro kuwa na son gini cikinsa. Alama ɗaya ita ce harshen murhu: shuɗi shi ne lafiya, in ya koma rawaya yana baƙanta tukunya akwai magana. Janareta na hannu a kai shi nesa, ƙafa 20 ko fiye, salansa na kallon wani gefe, kada kuma a kwana da shi a kunne.

Kada ka ce tsoratarwa ce. A watan Satumba 2011, a garin Clarksville na jihar Tenesi, mutum biyar da suka zo taron neman taimako don yara suka kwanta cikin tafi-da-gidanka ta haya, janareta na aiki kusa da ita. Aka same su duk sun rasu. Akwai na'urar a cikin motar, amma ba ta yi kuka ba. Daga baya jihar ta yi doka cewa duk mai ba da hayar irin motar nan wajibi ne ya ba da ita da na'ura mai aiki. Ka ga samun na'ura a bango dabam ne, aikinta dabam.

Saboda haka ga yadda za ku yi. Kowace cikin ukun nan tana da ɗan maɓalli na gwaji, a danna har ta yi ihu, ran karɓar mota, da kowane mako cikin tafiya. Amma maɓallin nan ƙararrawa kawai ya ke gwadawa, ba ya gaya maka ko hancin na'urar ya mutu. Hancin kuwa na tsufa ko ba a taɓa shi ba, ta gas da ta iskar guba yawanci shekara 5 zuwa 7 su ke yi. A duba kwanan watan da aka buga a jikinta ko a bayanta, in ya wuce a ce a canja, ko ta yi ihu kamar zakara. Mun kuma ba ka shawara ka sayi ƙarama mai batir ta iskar guba, taka ta kanka, ka aje kusa da inda yara ke kwana. In ta yi kuka da dare, ko kuwa kuka ga duk kun tashi da ciwon kai lokaci guda, a fita sarari tukuna, a ƙirga kowa, a nemi likita. A Amurka lambar neman agaji 911 ce.

IN WUTA TA TASHI

Tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa a ke rataye ta, don mai kashewa ya kasance ƙofa na bayansa. A dubi allurar gejinta, ta tsaya cikin kore, a ga ƙusarta na nan, bakinta bai toshe ba. Irin waɗanda ba a sake cikawa in sun shekara 12 sun gama aiki. Sabuwa ma ba a rantse mata, gama a 2017 wani babban kamfani a Amurka ya janye kusan miliyan 38 daga hannun jama'a don waɗansu na ƙin fesawa. Yadda a ke aiki da ita: a zare ƙusa, a auna gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a riƙa sharewa dama da hagu. Ƙarama ba ta wuce kamar daƙiƙa 10 ta ƙare, don haka ta wutar da ba ta fi kwando girma ba ce. Wutar mai a kasko ba a zuba mata ruwa, a kashe murhu a rufe da murfi. In wuta ta kama labule ko bango, a bar mata motar. Masu haya na da inshora, kai kuwa ba ka da 'ya'yan canji.

Ƙofar ɗakin guda ce, murhu kuwa sau da yawa yana tsakanin gado da ita. Don haka a ke yin tagar gudu, mai jan hannu, wadda ke buɗewa gaba ɗaya. Robar bakinta ta kan manne in an daɗe ba a buɗe ba. Ranar fari a buɗe ta a gani, a nuna wa uwargida da kowane yaro mai wayo yadda a ke yi, a kuma sa wuri guda a waje inda kowa zai tsaya. A ƙara da akwatin magani, da tocila, da alamar tsayawa mai kusurwa uku.

Ran da za ku karɓi motar, Malam, kada kunya ta hana ka tambaya, kada kuma ka bar wa ƙanenka don shi ne ɗan gari. Ka sa ma'aikacin ya danna ƙararrawa uku a gabanka, ya nuna maka kwanan watansu, da wurin rufe gas, da tagar gudu, da lambar tayoyi. Rabin awa ya isa. In ya ga kamar ka cika bincike, ba kome, kai ne za ka kwana ciki ba shi ba.

Ku kuma sauran masu karatu da ba ku da niyyar zuwa ko'ina, kada ku ce wannan zancen masu yawon duniya ne. Sau nawa mu ke jin an wayi gari an sami mutanen gida guda sun rasu, janareta na aiki a baranda ko cikin shago an kulle ƙofa don tsoron ɓarawo? Sau nawa a ke shiga ɗaki da kaskon gawayi cikin hunturu a toshe taga? Gubar da ta kashe mutanen Clarksville ita ce wannan, ba wata ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A fitar da janareta sarari, a bar gawayi waje, a gwada tiyon gas da ruwan sabulu, malaman makaranta kuma su gaya wa almajiransu.

Allah ya kai ku lafiya, Malam, ya komo da ku lafiya. In kun dawo ka rubuto mana labarin abin da ka gani, mu buga don jama'a su ƙaru. Haza wassalam.